Girkin Masuntan Getaria: Daga Zaɓen Kifi Zuwa Garwashi, Gishiri da Tukunya

Getaria ƙaramin garin masunta ne a gaɓar Tekun Biskay, cikin lardin Gipuzkoa na Ƙasar Bask, a arewacin Sifaniya. Tsakaninsa da birnin Donostia, wanda aka fi sani da San Sebastiyan, kilomita 25 ne ko kusa da haka, mazaunansa kuma ba su kai 3,000 ba. Duk wanda ya gangara ta tsohon garin zuwa tashar jirage, abin da zai fara cin karo da shi murhunan gashi ne a waje, jingine da bangon gidajen abinci, kifi kwance a kan garwashi a idon kowa.

Girkin garin nan ba shi da tarin kayan ƙamshi. Gishiri ne, da man zaitun, da ruwan khal, da tafarnuwa, da busasshen barkono. Shi ya sa kuskure ba shi da maɓoya: in kifi ya kwana biyu za a ji, in wuta ta yi yawa za a gani. Gwanintar duka tana wajen zaɓen kifi da sarrafa zafi da gishiri, kuma a kansu za mu fi tsayawa.

Teku ke yanke abin da za a dafa

Shekarar masuntan wannan gaɓa kashi-kashi ce. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin berdel ne, kifin nan da ake kawowa kasuwanninmu a daskare ana kiransa taitus. Daga Maris zuwa Yuni sai antxoa, ɗan siririn kifi mai ƙyallin azurfa wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma ya fi kyau a Afrilu da Mayu. Daga Yuni zuwa Oktoba jirage kan nausa cikin teku su bi hegaluze, wato farin tuna, wanda ake kamawa ɗaya bayan ɗaya da sanda da ƙugiya, ana jawo shi da ƙananan kifaye masu rai. Bisigu, jan kifi mai manyan idanu, an fi saninsa da lokacin sanyi.

Kifin da aka sauke yana bi ta hannun kofradia, ƙungiyar masunta mai tarihin ɗaruruwan shekaru, wadda ke gudanar da gwanjo. Gwanjonsu daga sama yake farawa, farashi yana sauka, wanda ya fara tsayar da shi ya ɗauka. Aikin tudu kuwa, gyaran koma da tsara kifi da aikin gidajen gishiri, yawancinsa a hannun mata yake tun da. Kuma mutanen gaɓar sun ɗanɗana abin da wuce gona da iri ke jawowa: antxoa ta yi ƙaranci har aka rufe kamunta a Tekun Biskay daga 2005 zuwa 2010. Yanzu akwai iyakar abin da jirage za su kama a kowace kaka.

A wajen saye, a duba ido: ya zama a cike, mai sheƙi, bai lotsa ba. A ɗaga murfin kunnen kifin a ga cikin ja ne jawur, ba ruwan ƙasa ba. A danna tsoka da yatsa, ta dawo nan take. Warin teku kawai ya kamata a ji. Santsin da ke jikin faffaɗan kifi ba aibu ba ne muddin garai yake, alamar sabunta ce. In ya zama rawaya ko ya yi kauri, a bar kifin.

Gasa kifi ɗungurungum

Kifin da ya ɗaga sunan garin shi ne erreboilo, wanda Sifaniyawa ke kira rodaballo. Faffaɗa ne, mai kwanciya a ƙasan teku, idanunsa biyu a gefe ɗaya, fatar samansa mai duhu, ta ƙasansa fara. Gidan abincin Elkano, wanda Pedro Arregui ya buɗe a 1964, shi aka fi dangantawa da gasa shi ɗungurungum da fatarsa, yau kuma haka ake yi a duk garin. Dalilin barin fata da kai da ƙashi shi ne danƙon da ke ƙarƙashin fatar. Zafi na narkar da shi, fatar ta tsare shi a ciki, naman ya dahu cikin ruwan jikinsa. Don haka ba a tsattsaga jikin kifin da wuƙa. Duk tsagar da aka yi ƙofa ce da ruwan zai zube a wuta.

Kayan aiki uku ne. Na farko besugera, raga biyu ta ƙarfe mai siffar kifi, da maɗauri da dogon mariƙi, wadda ake rufe kifin a ciki don a riƙa juya shi ba tare da an taɓa shi ba. Na biyu murhun da za a iya ɗaga ragarsa ko a sauke ta. Na Getaria suna da wili da ake murɗawa, amma bulo biyu da za a ƙara ko a rage su ma sun isa. Na uku gawayin itace mai tauri, manya-manya, wanda ke daɗewa yana ba da zafi ba tare da hayaƙi ba. Kada a kunna shi da kananzir ko fetur, don fatar kifi tana ɗaukar warin.

Kifi mai kilo 1.5 zuwa 2 ya ishi mutum uku ko huɗu. A cire kayan ciki da jan abin da ke ƙarƙashin murfin kunne, a wanke jinin da ke manne da ƙashin baya, sannan a tsane kifin da tsumma mai tsabta har fatar ta bushe. A fito da shi daga firij minti 20 zuwa 30 kafin gashi. A kunna gawayi tun da saura minti 45 ko awa ɗaya, a jira harshen wuta ya mutu, farar toka ta rufe garwashin. A baje shi daidai, faɗinsa ya ɗan wuce na kifin. Ragar ta zauna santimita 15 zuwa 20 a sama. In mutum ya iya riƙe tafin hannunsa a wannan tsayi na daƙiƙa huɗu ko biyar kafin ya janye, zafin ya yi.

Sai ruwan shafawa. Kowane gida da nasa haɗin, kuma ba sa faɗa wa kowa. Ma'aunin da za a iya farawa da shi: man zaitun mililita 150, ruwan khal na tuffa mililita 50, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a zuba a kwalba a girgiza duk lokacin da za a yi amfani da shi.

A barbaɗa wa kifin gishiri gaba da baya da cikin ciki. A ɗora besugera a wuta ta yi zafi, a goge ta da ɗan mai, a sa kifin a rufe. Minti bakwai ko takwas na farko kada a motsa shi. Fatar na buƙatar wannan lokaci ta ƙame ta saki ƙarfen da kanta. Daga nan a juya, a yayyafa ruwan shafawa a gefen da ya gasu, a bar ɗaya gefen ya yi kamar haka. Sai a ci gaba da juyawa duk minti uku ko huɗu ana yayyafawa kaɗan-kaɗan. Gaba ɗaya minti 20 zuwa 30 ne, gwargwadon kaurin kifin. Alamar dahuwa: fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu launin zinariya, ƙayoyin gefe suna zarewa cikin sauƙi, in kuma aka soka siririyar wuƙa a bayan kai har ƙashi za ta shiga ba turjiya. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 60 a jikin ƙashi.

Aikin bai ƙare a wuta ba. A juye kifin a faffaɗan faranti mai ɗumi, a zuba masa ruwan shafawa cokali uku ko huɗu, a bar shi minti uku. Ruwan jikinsa zai tsiyayo. A karkata farantin, a riƙa kaɗa wannan ruwa da cokali har ya haɗu da man ya yi fari-fari ya ɗan yi kauri, sannan a kwarara shi a kan naman. Wannan ce miyar, babu wata. A ganinmu wanda ya tsallake wannan mataki ya zubar da rabin wahalarsa.

Masu gashin garin kan nuna wa baƙo cewa kifi ɗaya nama iri-iri ne. Gefen duhu daban yake da gefen fari, ciki ya fi maiƙo, kumatu da ƙasan haɓa sun fi taushi, ƙayoyin gefe kuma da hannu ake ɗaukar su a tsotse danƙonsu. Ba abin kunya ba ne a can, ko a gidan abinci mai tsada.

Matsaloli huɗu ne suka fi yawa. Fata ta manne wa ƙarfe: kifin da danshi, ko ragar da sanyi, ko an yi gaggawar juyawa. Wuta ta tashi ta bar baƙi da ɗaci: mai ya ɗiga da yawa, sai a ɗaga ragar a jira, kada a watsa ruwa don toka za ta tashi ta bi kifin. Waje ya ƙone ciki ɗanye: daga firij aka ɗora shi kai tsaye, ko ragar ta yi ƙasa. Nama ya bushe: an ƙara masa minti biyar don a tabbata. Gara a sauke da wuri a duba, a mayar in da saura.

A garin Orio, da ke gabas kaɗan, ana gama bisigu ta wata hanyar. Bayan ya gasu sai a buɗe shi biyu a zare ƙashin baya. A soya tafarnuwa ƙwaya huɗu yankakku da busasshen barkono ɗaya a man zaitun mililita 100 har tafarnuwar ta fara launin zinariya. A yayyafa wa kifin ruwan khal cokali biyu, a kwarara man a kai, a tsiyaye ruwan farantin a mayar kasko, a kaɗa, a sake kwararawa, har sau uku. A lura kada a zuba khal cikin mai mai tafasa, fantsama yake yi. Wannan hanya ta dace da babbar karfasa ko ƙaramin giwan ruwa, sai dai kifin ruwan daɗi a tabbata ya dahu sarai har ƙashi.

Gishirta antxoa

Wannan sana'a ta bunƙasa ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masu gishirta kifi daga Italiya, yawanci daga tsibirin Sisili, suka zo gaɓar suna sayen antxoa suna aikawa gida. Wasu sun zauna sun yi aure, kuma har yau ana jin sunayen Italiya a wasu gidajen sana'ar. Abin da ake yi bai canza ba: ba a dafa kifin sam, gishiri da nauyi da watanni ne ke nunar da shi.

Ana auna girman antxoa da yawan da ke cika kilo ɗaya. Guda 30 zuwa 35 a kilo shi ne girman da masu sana'a ke so. Dole kifin ya zama na ranar, don cikinsa saurin fashewa yake yi. Ga kilo 5 a tanadi gishiri mai tsakuwa kilo 2, da mazubi mai miƙaƙƙen bango na gilashi ko na robar abinci, da faifan katako ko faranti wanda zai shige cikin bakin mazubin, da dutse mai tsabta ko kwalbar ruwa mai nauyin kilo 2 zuwa 3.

Da farko a cakuɗa kifin da gishiri tafi uku a bar shi ya kwana a wuri mai sanyi. Wannan yana jawo jini ya ƙarfafa naman. Kashegari a kama kai da yatsu biyu a karya shi ta baya a ja, kayan ciki za su biyo shi. Kada a wanke da ruwan famfo. In ana son ɗauraya, da ruwan gishiri za a yi.

A shimfiɗa gishiri kaurin yatsa a ƙasan mazubi. A jera kifin a matse, kai da wutsiya, kada a bar rami. A rufe da gishiri, a jera sahu na biyu a gicciye da na farko, haka har sama. Sahun ƙarshe a ba shi gishiri mai yawa, a ɗora faifai, a ɗora nauyi. Cikin kwana biyu ko uku ruwa zai taso ya rufe kifin, shi ma kifin ya sauka ƙasa. Mai zai taso a saman ruwan, kuma shi ne abokin gaba: in aka bar shi yana haɗuwa da iska sai ya yi ɗoyi ya ba kifin launin rawaya da ɗaci. A riƙa kwashe shi da cokali, a cike gurbin da ruwan gishirin da ya ƙoshi, wato giram 350 a lita ɗaya ta ruwa, wanda aka tafasa aka bari ya huce. Ko da wane lokaci kifin ya kasance a nutse. Bayan wata ɗaya a rage nauyin da rabi, in ba haka ba naman zai matse ya zama kamar takarda.

Wurin ajiya ya zama mai duhu, zafinsa tsakanin digiri 15 da 20. Nunar na ɗaukar wata shida aƙalla, masu kyau kuma sukan kai wata tara zuwa shekara. A ciro ɗaya a buɗe: in naman ya zama ja mai ruwan ƙasa har jikin ƙashi, ƙashin yana ɓarewa cikin sauƙi, ƙamshin kuma ba na ɗanyen kifi ba, ya nuna. In kusa da ƙashi yana nan fari ko ruwan hoda, a mayar.

A nan akwai gargaɗi ga mazauna ƙasa mai zafi. A ɗakin da ya wuce digiri 25 naman yana narkewa kafin ya nuna, kuma kifi irin wannan, shi da tuna da taitus, in ya sha zafi kafin gishiri ya ratsa shi yakan tara wani sinadari mai suna histamin, mai jawo jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai da amai. Dafuwa ba ta kashe shi. Wanda ba shi da wuri mai sanyi tabbatacce, gara ya sayi na gwangwani.

Mataki na ƙarshe shi ne mai cin lokaci, shi ne kuma dalilin tsadar antxoa. A wanke kifin a ruwa mai sanyi sau biyu ko uku don rage gishiri. A murje fatar da guntun koma ko tsumma mai kaushi. A datse wutsiya da gefen ciki da almakashi, a naɗe kifin a tsumma a matse ruwan sosai, domin ruwan da ya rage shi ke ɓata mai. A raba shi biyu da yatsa, a cire ƙashin baya, a kankare ƙananan ƙayoyi da bakin wuƙa, a jera a kwalba a rufe da man zaitun marar ƙarfin ɗanɗano. Tunda ba a dafa shi ba, a firij yake zama, ko da na gwangwani ne. Ana cin sa a kan burodi, ko a soke shi a tsinke tare da zaitun da koren barkonon garin Ibarra da aka jiƙa a khal, abin da ake kira gilda.

Wanda kuma zai jiƙa ɗanyar antxoa a khal kawai, ya fara daskarar da ita kwana biyar a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, saboda tsutsar anisakis. Khal ba ya kashe ta.

Marmitako

Abincin cikin jirgi ne a kakar tuna: tukunya ɗaya, dankalin Turawa da ke jure tafiya, da kifin da aka kama a ranar. Ga mutum biyar: tsokar tuna giram 700, dankali kilo ɗaya, albasa babba ɗaya, koren tattasai biyu, tafarnuwa ƙwaya biyu, tumatir biyu, busasshen jan tattasai marar yaji guda huɗu, irin wanda suke kira txorizero, man zaitun cokali biyar.

A tafasa ƙashi da fatar tunan a ruwa lita ɗaya da rabi na minti 20, a tace. In aka wuce haka romon yakan yi ɗaci. A jiƙa busasshen tattasan a ruwan zafi rabin awa, a kankare tsokarsa da cokali, a yar da fatar. A soya albasa da koren tattasai da tafarnuwa a wuta kaɗan na minti 15 zuwa 20, su yi laushi ba tare da sun yi ja ba. A zuba gurzajjen tumatir a bar ruwansa ya ƙone, a sa tsokar tattasan a juya minti ɗaya kawai, don tana saurin kamu. Wasu kan zuba farar giya a nan. Ana iya barin ta, miyar ba za ta rasa komai ba.

Dankalin ba a yanka shi har ƙarshe. A soka wuƙa rabi, a murɗa ta ya ɓalle da ƙara. Gefen da ya ɓalle yana da kaushi, ta nan sitaci ke fita ya kaurara romon. A juya shi cikin kayan miyan minti biyu, a zuba romo ya rufe shi da kaurin yatsa ɗaya, a sa gishiri, a dafa a hankali minti 25 zuwa 30. A riƙa girgiza tukunyar maimakon juyawa da ludayi. Kaurin da ake nema kamar na kunun gyaɗa ne mai ruwa-ruwa. In ya tsinke, a murƙushe dankali uku a mayar.

A yanka tunan gutsure-gutsure masu santimita 3, a sa musu gishiri. A kashe wuta, a zuba su, a rufe tukunya, a jira minti biyar. Zafin romon ya isa. Farin tuna in ya tafasa sai ya bushe ya yi zare-zare, kuma ba shi da gyara. Wanda zai ci kashegari ya ajiye kifin daban, ya sa shi bayan ya ɗumama romon.

Pil-pil

Kokotxa ita ce 'yar tsokar ƙasan haɓar kifi, ta legatz, wani dogon kifin teku wanda Sifaniyawa ke kira merluza, ko ta bakailao, wato kifin kod. Danƙo ne da ita sosai, da shi ake yin miyar da ake kira pil-pil ba tare da gari ko ƙwai ba. Ga rabin kilo: man zaitun mililita 250, tafarnuwa ƙwaya huɗu, busasshen barkono ɗaya. A soya tafarnuwa da barkono, a kwashe, a bar man ya huce zuwa digiri 60 ko 70. A jera kokotxa a faffaɗan kasko, fata a sama, a bar su minti huɗu ko biyar a wuta ƙasa-ƙasa har fararen ɗigo su fara fitowa. A tsiyaye yawancin man, a sauke kaskon, a riƙa juya shi a kewaye a kan tebur ana mayar da man kaɗan-kaɗan har miyar ta haɗe ta zama rawaya mai kauri.

In ta ƙi haɗuwa, zafi ne ya yi yawa. A kwashe kifin, a bar man ya huce, a kaɗa shi da gindin ƙaramar rariyar shayi, zai kama. In ta yi kauri fiye da kima, cokali ɗaya na ruwan ɗumi ya isa. Mai amfani da bakailao mai gishiri ya jiƙa shi awa 36 zuwa 48 a firij, yana canza ruwa duk awa takwas. Busasshen kifin Norwe da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya ɗan'uwansa ne, amma da iska aka busar da shi ba da gishiri ba, ba zai maye gurbinsa a nan ba.

In an je garin

Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a Getaria. Ana sauka a Zarautz ko Zumaia a hau bas, ko a taka daga Zarautz ta hanyar bakin teku, kimanin kilomita 4, ana hango dutsen San Anton wanda siffarsa ta sa ake kiransa ɓeran Getaria. Garin ya samu takardar kafuwa daga Sarki Alfonso na 8 na Kastil a 1209, kuma a cocinsa na San Salbador aka yi taron 1397 da ya haɗa kan garuruwan Gipuzkoa. Tambarin garin na ɗauke da balea, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel, wadda Baskawa suka bi har Labrador a Kanada cikin ƙarni na 16. Ta ƙarshe da aka kama a wannan gaɓa a Orio ne, a 1901.

Ɗan garin ne Juan Sebastián Elcano, wanda ya dawo da jirgin Victoria Sifaniya ranar 6 ga Satumba 1522, su 18 har da shi, bayan kewaya duniya karo na farko. Duk bayan shekara huɗu mutanen garin kan kwaikwayi saukarsa a tashar jirage. A nan kuma aka haifi maɗinki Cristóbal Balenciaga a 1895, ɗan masunci da maɗinkiya, an buɗe gidan tarihinsa a 2011. Manyan ranakun garin su ne San Anton, 17 ga Janairu, da San Pedro na masunta, 29 ga Yuni, da San Salbador, 6 ga Agusta. Wanda ya zo a Satumba kada ya rasa tseren traineru, dogayen kwalekwale masu matuƙa 13 da shugaba ɗaya, waɗanda asalinsu na kamun kifi ne. Babbar gasar ita ce ta Kontxa a Donostia, tun 1879, a Lahadi biyu na farkon watan, tsawonta mil uku na teku. Mata sun samu tasu tun 2008.

Akwai kuma txoko, ƙungiyar girki mai ɗakin dafa abinci na haɗin gwiwa. Kowane mamba yana da makulli, shi zai sayo kifinsa ya dafa wa baƙinsa, ya rubuta abin da ya ɗiba a ma'ajiya ya biya bisa amana. A da na maza ne zalla, yanzu da yawa sun buɗe wa mata. Ba a shiga sai da gayyata, baƙo kuma ba ya shiga wurin murhu.

Abincin rana daga ƙarfe 1:30 ne zuwa 3:30, na dare bayan 8:30, kuma a lokacin zafi sai an kama wuri tun da wuri. Musulmi ya sani cewa txakoli, wanda gonakin inabinsa suka kewaye garin, giya ce, haka ma sagardo na tuffa, kuma ƙananan abincin da ake jerawa a kan kanta, pintxo, da yawansu na ɗauke da naman alade, sai a tambaya kafin a ɗauka. Kaixo ita ce gaisuwa, eskerrik asko godiya, on egin kuma a ci lafiya. Kifin gashi da kilo ake sayar da shi, don haka a nemi a ga kifin ɗanye, a ji nauyinsa da kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta, a kuma ba mai gashi rabin awarsa.